Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kakakin Majalisar Wakilai A Kan Ministocin Da Ke Ɓoye Wa Majalisa Bayani

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, Alhaji Abbas Tajuddin, Iyan Zazzau.

Ina neman izini in gabatar da wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma na zaɓi in faɗe ta a bainar jama'a maimakon in naɗe ta a ambulan, domin al'amarin da zan yi kuka a kansa shi ne ɓoyo, ba ya kuwa kyautuwa mai kukan ɓoyo ya yi nasa kukan a ɓoye.

Ranka ya daɗe, shekara da shekaru ke nan muna jin labari iri ɗaya a rediyo, har yaro ma ya haddace shi. Kwamitin majalisa ya gayyaci minista, minista bai zo ba. Ko ya aiko da wani darakta wanda ba shi da ikon cewa i ko a'a. Ko ya zo da kansa amma takardun da aka nema suna ofis. Ko kuwa ya ce maganar ta shafi tsaron ƙasa, ko tana gaban kotu, ko sharaɗin da aka ƙulla da baƙi ya hana a bayyana ta. Shugaban kwamiti ya fusata, ya ba da wa'adin kwana bakwai, ya rantse zai sa a kamo mutum, jaridu su buga da manyan baƙaƙe, sa'an nan wa'adi ya cika ya wuce, wata sabuwar rigima ta taso ta binne tsohuwar, mu kuma talakawa da muka kasa kunne ba mu ƙara jin ko an kawo takardun, ko an yafe, ko an daidaita a wani ɗaki da ba mu sani ba.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da sirri. Mu Hausawa mun san darajar rufin asiri, har roƙonsa muke yi a addu'a safe da yamma, kuma babu mai hankalin da zai nemi a karanta a zauren majalisa, gaban 'yan jarida, inda sojojinmu za su kwana a dajin Zamfara ko a bakin Tafkin Chadi, ko sunan wanda ya tsegunta wa hukuma maɓoyar 'yan bindiga, ko iyakar kuɗin da gwamnati za ta iya kaiwa a cinikin da ba a riga an sallama ba. Wannan sutura ce, shari'a da hankali duk sun yarda da ita. Amma malamanmu sun rarrabe tsakanin suturta abin da bayyana shi zai cuci jama'a da ɓoye shaidar da mai haƙƙi yake bukata domin ya kai ga haƙƙinsa. Na farko maslaha ce, na biyu kuwa laifi ne wanda Alƙur'ani mai girma ya yi kakkausan gargaɗi a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne, daga waje kamarsu ɗaya, domin duka biyun fayil ne rufaffe da jan hatimi a bayansa, kuma wanda ya rufe domin ya kare soja da wanda ya rufe domin ya kare kansa kalma guda suke furtawa, wato tsaro. Ba a rarrabe su sai an buɗe an duba. To, wa ke dubawa?

A yadda muke tafiya yau, ministan da aka yi wa tambaya shi ne mai yanke hukuncin a amsa ko a hana, shi ne mai auna ko dalilin hanawar ya isa hujja, kuma shi ne wanda asirinsa zai tonu idan amsar ta fito da ɓarna. Wato shi ne wanda ake ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali. Fiƙihun da muka karanta a zaure bai yardar wa kowa da wannan ba. Wasiyyin da aka danƙa wa dukiyar marayu, komai tsoron Allahnsa, idan alƙali ya kira shi ya kawo lissafi ba ya cewa lissafin sirri ne, domin dukiyar ba tasa ba ce, kuma neman hisabi daga amintacce ba zargi ba ne, sharaɗin amanar ne tun ranar da ya karɓe ta.

Akwai labarin da malaman tarihi kan kawo na Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da aka raba wa mutanen Madina yadi, kowa ƙyalle ɗaya, sai aka gan shi a kan mumbari da rigar da ƙyalle ɗaya ba zai ɗinka wa dogon mutum irinsa ba, har wani daga cikin sahabbai ya tashi ya ce ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya samo ƙarin. Mutane sukan kawo wannan labari domin su yabi ƙarfin halin mai tambayar. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da Halifa ya yi: bai ce a yarda da shi domin shi ne Umar ba, alhali kuwa da ya faɗi haka da an yarda, sai ya kira ɗansa Abdullahi ya tashi ya shaida cewa shi ya ba mahaifinsa nasa rabon. Wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa bushara da Aljanna bai ɗauki maganar bakinsa a matsayin hujja a kan dukiyar jama'a ba. Ina ga wanda aka naɗa minista jiya?

Ba kuwa iko majalisa ta rasa ba. Sashe na 67 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa minista ya halarci kowace majalisa idan an gayyace shi domin ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba ku ikon bincike domin gyaran doka da kuma tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ku ikon neman kowace shaida, ta baka ko ta takarda, da aika sammaci ga kowane mutum a Nijeriya, da ba da takardar kamu ga wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba, wadda ɗan sanda zai zartar, ko wani wanda kai Kakaki ka wakilta. Sai dai tsarin da muke kai ya raunana wannan iko ta wata fuska. A Jamhuriya ta Farko, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa 'yan majalisa ne, a zaure ɗaya suke zaune da masu yi musu tambaya, babu wanda zai aiko darakta ya tsaya masa. Shi kansa marigayin ma da tambaya ya yi suna, tun ranar da ya tashi a Majalisar Arewa a Kaduna, a watan Agusta 1950, ya nemi a binciki mulkin En'e a gyara shi. Tun daga tsarin 1979 muka koma salon Amurka, inda ɗan majalisar da aka naɗa minista yake barin kujerarsa, ya zama baƙo wanda sai an gayyata, amincinsa kuma yana ga wanda ya naɗa shi. 'Yan sandan da za a aika su kamo shi kuwa, su da shi a ƙarƙashin shugaba ɗaya suke. Shi ya sa barazanar kamu ta zama tsawa wadda ba ruwa a bayanta.

Bari in kawo abin da wannan hali ya jawo mana, domin kada a ce ina magana a kan iska. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, a sashe na 38, ta yarda banki ya ranta wa gwamnati kuɗi na ɗan lokaci idan kuɗin shiga ya yi jinkiri, bisa sharaɗin kada rancen ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekarar kuɗi ta ƙare. A watan Disamba 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aiko wa majalisun biyu takarda yana neman a mayar da naira tiriliyan 22.7 na irin wannan rance ya zama bashin shekara 40, adadin da ya fi gaba ɗayan kasafin kuɗin 2023 da aka sa wa hannu, wanda bai kai tiriliyan 22 ba. Jimlar kam tana fitowa a ƙididdigar banki ga mai iya karanta ta, kuma wannan abin tuhuma ne a kan majalisar da ta yi shekaru ba ta ɗaga murya ba. Amma abin da ba a kawo ba shi ne neman izini tun farko, da bayani dalla-dalla na abin da aka yi da kuɗin. Wasu sanatoci sun tashi sun nemi wannan bayani har zama ya hargitse aka ɗage maganar. Duk da haka, a watan Mayu 2023, saura 'yan makonni wa'adi ya ƙare, majalisun biyu suka amince. Sai a Fabrairu 2024 sabuwar Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti ya binciki yadda aka kashe kuɗin, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wato ihu bayan hari. Ban ce wannan rance shi kaɗai ya tsadar da mudun masara a Dawanau ba, domin cire tallafin mai da faɗuwar naira duk da hannunsu a ciki. Amma kuɗin da aka zuba a kasuwa ba tare da an ƙara ko da buhu ɗaya a rumbu ba, wanda ke awo da mudu shi ke biyansa, kuma yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka amince zai yi furfura kafin a gama biya.

Misali na biyu ya fi nuna cewa ɓoyo yakan cuci mai ɓoyon ma. A shekarar 2020 kwamitin wannan majalisa mai kula da yarjejeniyoyi ya ci karo da wata saɗara a takardar rancen dala miliyan 400 da aka ƙulla da bankin Exim na ƙasar Sin a 2018 domin hanyoyin sadarwa, inda Nijeriya ta yarda ba za ta fake da kariyar 'yancin kanta ba idan aka kai ga shari'a a kan bashin. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya roƙi kwamitin ya jingine binciken har a karɓo rancen layin dogo, har da na Ibadan zuwa Kano, don kada masu ba da bashi su tsorata. Masana shari'a sun yi bayani cewa irin wannan saɗara sananniya ce a rancen kasuwanci tsakanin ƙasashe, kuma ba ta nufin an sayar da ƙasa. Amma bayanin ya zo a makare, domin magana ta riga ta zaga kasuwanni da tashoshin mota cewa an jinginar da Nijeriya ga Sin, har yau kuwa akwai masu rantsuwa a kan haka. Da an ajiye takardar a gaban wakilan jama'a tun kafin a sa hannu, aka karanta, aka yi tambaya, aka ba da amsa, da babu wannan firgici. Wanda aka hana shi gani, da zato zai cike gurbin, zato kuwa ba ya zaɓar mai kyau.

Ba sai na tsawaita a kan kamfanin P&ID ba, wanda ya ƙulla yarjejeniyar iskar gas da ma'aikatar man fetur a Janairu 2010, bai aza ko tubali ɗaya a Kalaba ba, amma masu sulhu suka yanke a 2017 a biya shi dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya kai wajen biliyan 11, sai a Oktoba 2023 wata kotu a Landan ta tabbatar da cewa da zamba aka samo hukuncin. Allah ne ya tsare. Takardar da ta kusa cinye kaso mai tsoka na ajiyar ƙasa, akasarin 'yan ƙasa ba su ji labarinta ba sai da aka zo karɓar bashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a rubuce, ni talaka na fi majalisa hanyar bi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2011 ta ce idan na nemi bayani a ma'aikata a amsa mini cikin kwana bakwai. Idan za a hana ni a rubuta dalili. Idan ban gamsu ba in tafi kotu. Alƙali yana da ikon ya karɓi takardar ya duba da idonsa. Nauyin kawo hujja kuma yana kan ma'aikatar da ta hana. Ta ƙara da cewa buga wa takarda hatimin sirri a ƙarƙashin tsohuwar dokar sirrin gwamnati ta 1962 bai isa shi kaɗai ya hana bayyana ta ba. Na san aiki da wannan doka yana tafiyar hawainiya, amma dai akwai na uku tsakanin mai nema da mai hanawa. Majalisar da ta yi wa talaka wannan tanadi ba ta yi wa kanta irinsa ba, daga gayyata sai barazana, babu komai a tsakani.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ruwa kafin mu. A Ingila, ranar 4 ga Disamba 2018, majalisar wakilai ta jefa ƙuri'a 311 da 293 ta ce ministoci sun raina ta saboda sun ƙi kawo cikakkiyar shawarar babban lauyan gwamnati a kan fita daga Tarayyar Turai, washegari kuwa aka buga takardar. Amma misalin da ya fi dacewa da ciwonmu yana Ostareliya, a jihar da birnin Sidni yake cikinta. A 1996 majalisar dattawan jihar ta dakatar da ministan kuɗi, Michael Egan, aka fitar da shi daga zaure saboda ya ƙi kawo takardu. Ya kai ƙara, kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1998 cewa majalisa tana da wannan iko. Daga wannan rikici suka fito da wata ƙa'ida: gwamnati ta kai takardun ga akawun majalisa ko da tana iƙirarin sirri ne, 'yan majalisa kaɗai ke iya dubawa, idan kuma wani ya yi jayayya da iƙirarin sai a miƙa wa babban lauya ko tsohon alƙali wanda ba ya cikin gwamnati ba ya cikin majalisa, ya karanta ya ba da ra'ayi, sa'an nan majalisa ta yanke. Shawarwarin cikin majalisar ministoci ne kotu ta keɓe. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, kiran Abdullahi ne ya tashi ya yi shaida.

Roƙona ke nan, ranka ya daɗe, kuma ba ya bukatar gyaran tsarin mulki, domin sashe na 60 ya ba kowace majalisa ikon tsara ƙa'idojin aikinta. A sa a cikin ƙa'idojin cewa duk ministan da zai hana majalisa wata takarda ya rubuto da sa hannunsa, ba na darakta ba, ya faɗi irin cutar da yake tsoron za ta sami ƙasa idan an bayyana, domin kalmar tsaro ita kaɗai suna ce, ba dalili ba ce. Ya kai takardar ga akawun majalisa a kulle, a naɗa tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara, wanda masu rinjaye da marasa rinjaye suka yarda da adalcinsa, ya duba cikin wa'adi sananne ya ce wannan shafi sutura ne, wancan kuwa rufa-rufa ce. A kuma buɗe rijista wadda kowa zai iya gani, a rubuta abin da aka nema, da ranar da aka nema, da wanda ya hana, da inda maganar ta kwana, domin mantuwarmu ita ce babbar garkuwar mai ɓoyo. Wanda ya ƙi bin wannan hanya kuwa, ba sai an aika ɗan sanda ba: sashe na 80 ya hana a taɓa asusun tarayya sai da izininku. A riƙe kuɗin tafiye-tafiye da hidimar ofishin ministan kansa har ya kawo, amma kada a taɓa albashin ƙananan ma'aikata ko maganin asibiti, don kada laifin babba ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Zan zama mai ha'inci idan na tsaya a nan, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ministoci sukan ce a asirce, wani lokaci ma a fili, gayyatar wasu kwamitoci ba neman gaskiya ba ce, neman a zo a gana ne. Ba za mu iya cewa ƙarya suke yi ɗungurungum ba. Kwamitin wannan majalisa ne a 2012 ya tono cewa an ware naira biliyan 245 domin tallafin man fetur a kasafin 2011 amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2.5, aikin da ya sa talakawa suka ɗaga kai suna alfahari da wakilansu. Sa'an nan shugaban kwamitin da kansa kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci a kan wannan bincike, har Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Kuma kuɗin hidimar da sanata yake karɓa kowane wata, naira miliyan 13.5 a lokacin, ba daga takardar majalisa jama'a suka ji shi ba, sai da Sanata Shehu Sani ya faɗa da bakinsa a 2018. Majalisar da take rufe nata littafi ba ta da bakin cewa wani ya buɗe nasa. Saboda haka ƙa'idar da nake roƙo ta hau kanku tun kafin ta hau kan ministoci: a buga lissafin majalisa dalla-dalla kowace shekara, duk rahoton bincike a kawo shi zaure a yi muhawara a kansa cikin wa'adi, ɗan majalisar da ya fitar da sirrin da aka ba shi amana, ko ya mayar da sammaci abin ciniki, a hukunta shi a gaban kowa. Idan minista ya tabbata sirrin gaskiya ba zai yoyo ba, uzurinsa na ƙarshe ya faɗi.

Allah ya ja zamanin Iya, kai mai riƙe da sarauta ne a Zazzau, ka san cewa tun nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 da suka wuce, babu abin da malamai suka fi tsoratar da masu mulki a kansa kamar shamaki tsakaninsu da talakawa. Shamakin wancan zamani ƙofar fada ce da dogarai, na yau kuwa fayil ne. Mutum 360 da kake shugabanta su ne idon da tsarin mulki ya ba mu domin mu ga abin da ke bayansa, idan aka rufe musu ido mu aka makantar. Ina roƙonka, don girman Allah da haƙƙin waɗanda suka yi layi a rana suka zaɓe ku, ka miƙa wannan magana ga kwamitin ƙa'idojin majalisa, a kawo ta zaure a jefa mata ƙuri'a a fili, kowa da sunansa, kafin ministoci su sake zuwa kare kasafin kuɗinsu.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani talaka daga cikin masu zaɓe.